Wane fanfo ya dace da garinmu?

Yau maganar fanfon ruwa za mu yi.

Duk wanda ya tashi sayen fanfo, ko na gari ne da aka yi ma karo-karo, ko na garka ne da mutum ya sai da albasarsa ya tara kuɗi, abu uku yake nema a ransa. Yana son mai araha. Yana son mai ƙarko. Yana kuma son mai aiki da yawa: ya jawo ruwa daga zurfi, ya cika bido da sauri, yaro ma ya buga ba wahala. Mai sayarwa zai ce maka nasa ya haɗa duka ukun. Kada ka yi saurin yarda. Injiniyan da ya zana fanfon ya san taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Tun kafin a yanke ƙarfen farko sai da ya zauna ya zaɓi abin da zai riƙe da abin da zai saki. Kai mai saye, aikinka shi ne ka gano abin da ya saki, ka duba in garinku zai iya jure rashinsa.

Abin da ya faru a Indiya

A 1966 da 1967 an yi babban fari a wasu jihohin Indiya. Gwamnatin ƙasar da hukumar UNICEF suka kawo mashinan haƙa, suka yi ta huda dutse, aka samu foraji dubbai a ƙauyuka. Sai aka ɗora masu fanfunan da ke kasuwa a lokacin. Waɗannan na ƙarfen zubi ne, an kwaikwayi irin na gidajen gona na Amurka da Turai. A can, gida ɗaya ke da fanfo ɗaya, ana buga shi sau kaɗan a wuni. A ƙauyen Indiya kuwa mutane ɗaruruwa ne ke layi, daga asuba har dare hannun fanfo bai huta ba. Da aka zaga aka duba a 1974, sai aka tarar kusan uku cikin huɗu na fanfunan nan sun mutu.

Ka lura, maƙeran ba su yi ha'inci ba. Fanfon yana da kyau ga aikin da aka yi shi dominsa. Kayan raƙumi ne aka ɗora ma jaki.

Daga nan injiniyoyin Indiya da na UNICEF suka sake zama. Suka ɗauki wani fanfo da ake ƙerawa a garin Sholapur, suka gyara shi, aka samu wanda ake kira India Mark II. An fara ƙera shi da yawa a 1977. Kun san shi, ko ba ku san sunansa ba: shi ne mai dogon hannu da kai mai kama da akwati, yana tsaye a garuruwanmu da yawa. An bar ƙarfen zubi mai fashewa, an koma ga farantin ƙarfe da ake haɗawa da walda. An sa ƴar sarƙa tsakanin hannu da sanda, don sandar ta riƙa hawa da sauka a miƙe, ba ta gugar gefe. Yana ɗaga ruwa daga zurfin metir 45 zuwa 50. Kuma ba a ɓoye zanensa ba, duk masana'antar da ta iya tana ƙerawa, shi ya sa ya yi araha, aka yi miliyoyinsa. Har a Mali an ƙera shi.

To, me ya saki? Sauƙin gyara ya saki. Bari mu duba cikinsa. Can ƙasa cikin ruwa akwai tukunyar fanfo. Cikin tukunyar akwai fiston mai zoben fata ko na roba, shi ke tura ruwa sama. Zoben nan shi ne ke fara cinyewa, kuma kuɗinsa ba wani abu ba ne. Amma tukunyar ta fi tiyon da ke bisanta faɗi, fiston ba ya iya bi ta cikin tiyo ya fito. Kafin ka kai ga zoben, sai ka ciro tiyo duka. Kowane tiyo tsawonsa metir 3, na ƙarfe. In tukunyar tana zurfin metir 30, tiyo 10 ke nan, ga sanduna a ciki, ga ruwa cike. Nauyin ya fi buhun hatsi mai kilo 100, kuma yana rataye bisa rami. Ana ɗagawa, ana riƙewa da maƙala, ana kwance guda guda. In ya suɓuce ya faɗa foraji, aiki ya zama biyu. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai makanike da akwatin kayan aiki da ƙarti uku ko huɗu.

Mutanen Indiya sun san da haka, sun yi masa shiri. Suka sa mai kula a ƙauye, makanike mai zaga ƙauyuka, da wata ƙungiya mai mota a babban gari don manyan gyare-gyare. Ƙauyukansu suna kusa da juna, masana'antu suna cikin ƙasa. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 don ruwan sha, fanfon ya shigo Afirka da yawa. Fanfon ya zo, shirin gyaran bai biyo shi ba. A wajenmu gari da gari akwai nisa, hanya rairayi ce, motar ƙungiyar gyara tana jiran kuɗin mai.

Ɗauki fensir mu yi lissafi

Ga misali, kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci ka rubuta shi ka karanta ma taron gari. A ce ga fanfo biyu. Na farko mai ƙarfi ne, sau ɗaya kawai yake lalacewa a shekara. Amma in ya lalace sai an aika birni, a jira makanike, a jira kayan gyara: kwana 45. Na biyu yana lalacewa har sau 5 a shekara, amma mutum biyu na gari suna gyara shi cikin kwana 2. Sau 5 kwana 2, kwana 10 ke nan. Shekara kwana 365 ce. Na farko ya ba da ruwa kwana 320. Na biyu ya ba da ruwa kwana 355. Wanne ne abin dogaro?

In ka tambayi injiniya a masana'anta, mai yiwuwa ya ce na farko, don shi yawan lalacewa yake ƙirgawa. In ka tambayi matar da ke ɗaukar tulu, kwanakin da babu ruwa take ƙirgawa. A ganina lissafinta ya fi daidai. Cikin kwana 45 ɗin nan ina gari ke sha? Tabki, ko tsohuwar rijiya marar murfi. An tabbatar a 2013 cewa kurkunu ya ƙare a Nijar, alhamdu lillahi, amma zawon yara yana nan, kuma ba ya jiran kwana 45. Wani ƙidaya da aka fitar a 2019 ya nuna fiye da fanfo ɗaya cikin biyar a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba ya aiki. Da yawa cikinsu ƙaramin abu ne ya tsai da su.

Tun farkon shekarun 1980 Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gwada fanfuna iri-iri, suka kai ga wannan magana: a ƙera fanfon da gari zai iya gyarawa da kansa. Daga nan aka samu wanda ake kira Afridev. An fara aikinsa a Malawi, aka ci gaba a Kenya. Masu zanensa sun yi abin da zai ba ka mamaki: da gangan suka sa masa abubuwa masu cinyewa. Inda hannu ke juyawa, suka sa ƴan zobban roba mai tauri. Suna cinyewa, amma suna da araha, kuma ana canza su cikin ɗan lokaci. Tiyon na roba ne, mai faɗi, fiston yana bi ta cikinsa ya fito, tiyo yana zaune a wurinsa. Sandunan ƙugiya gare su, ana saƙala su ana zare su da hannu. Kile ɗaya da ƙugiyar ciro bawul na ƙasa, kusan su ne kayan aikin duka. An koya ma mata da yawa gyaransa a Kenya. Shi ma yana kaiwa metir 45.

Shi kuma nasa rashin? Yana son a riƙa duba shi, ba ya son mantuwa. In an bar zobban suka cinye sarai, ƙarfe zai ci ƙarfe, a shiga babbar ɓarna. Tiyon roba kuma da gam ake haɗa shi. Ranar da ya tsage, ciro shi ya fi na ƙarfe wuya. A Indiya ma an fitar da India Mark III mai faɗin tiyo, don fiston ya fito ba sai an ciro komai ba. Sauƙin gyara ya samu, amma kuɗi ya ƙaru, nauyin tiyo ya ƙaru, zurfin da yake kaiwa ya ragu zuwa wajen metir 30.

Fanfon ƙafa da kuka sani, wanda ake takawa, na kamfanin Vergnet ne. Wani injiniya ɗan Faransa, Marc Vergnet, ya ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970 a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Shi wata hanya ya bi dabam. Babu sanda ko ɗaya. Tiyo biyu ne na roba masu lanƙwasa. In ka taka, ruwan da ke cikin tiyo ɗaya yana hura wata jakar roba can ƙasa, ta kumbura, ta turo ruwan sha ta ɗaya tiyon. Abubuwan da ke saurin cinyewa suna sama, ƙarƙashin matakin, kusa da hannu. In ana son ciro shi, mutane kaɗan suna jawo shi kamar igiya. Tsatsa ba ta cin tiyonsa. Amma ruwansa bai cika gudu ba, kuma jakar nan ta ƙasa maƙerin gari ba ya yin ta: daga waje take zuwa, da tsada. Garin da bai da ajiyar kuɗi, ranar da ta fashe ya tsaya.

Ruwan da ke cin ƙarfe

Akwai wani abu da mai saye ba ya gani da ido, shi ne halin ruwan forajinsa. Tiyon India Mark II na asali ƙarfe ne da aka shafe da tutiya, irin na kwanon rufin ɗaki. A wasu wurare ruwan ƙasa yana da ɗan tsami. Harshe ba ya jin tsamin, amma ƙarfe yana ji. Masu awon ruwa suna da ma'auni da suke kira pH. In ya kasa 6,5 ruwan yana cinye tutiyar, tsatsa ta kama. Sai ka ga ruwan safe ja, yana ɗanɗanon ƙarfe, yana ɓata farin tufafi, yana sa tuwo duhu. Mata su guje shi su koma tabki, alhali fanfo yana aiki. Bayan shekara ɗaya ko biyu tiyo ya huje, ko sanda ta tsinke.

Ga yadda za ka gane. Ka ɗebi ruwan farko da asuba cikin farar roba. Ku yi ta bugawa kamar awa ɗaya, ka sake ɗiba. In na farko ja ne, na biyu ya washe kuma ya zauna a washe, to jan daga tiyo yake, ba daga ƙasa ba. An san wannan matsala a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, amma aka yi ta sa tiyon tutiya don ya fi araha ranar saye. Gwamnatin Yuganda ta hana sa shi a fanfunanta a 2016. Maganin shi ne tiyon roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake ce ma inos. Ya fi tsada. Amma gari ya lissafa sau nawa zai sake sayen mai arahar cikin shekara 10. Kuma a kula, akwai inos na ƙarya a kasuwa, mai walƙiya ranar saye. A nemi makaniken da ya sani ya duba kafin a biya.

Fanfon garka

Mai garka kuma lissafinsa dabam ne. Shi ba zurfi ya dame shi ba, yawan ruwa ne. Da rani, kayan lambu suna shan litir 6 zuwa 8 a kowane metir murabba'i a wuni. Garka mai tsawon metir 40 da faɗin metir 25, metir murabba'i 1000 ke nan, tana son wajen litir 7000 kullum. Fanfon gari mai hannu yana ba da kamar litir 15 a minti ɗaya. Raba ka gani: kusan awa 8 kana bugawa. Fanfon da ya fi kowane ƙarko a dandalin gari, a garka ba shi da amfani.

Shi ya sa aka ƙera na takawa da ƙafa biyu. A Bangaladash aka fara shi wajen 1980, wani injiniya ɗan Norwe mai suna Gunnar Barnes yana cikin waɗanda suka yi aikin. Tunaninsu shi ne ƙafa ta fi hannu ƙarfi, kuma fanfon ya zama mai arahar da talaka zai mai da kuɗinsa da amfanin gona ɗaya ko biyu. Ya iso Nijar a ƙarshen shekarun 1990, aka sa masa suna Niyya da Ƙoƙari, masu walda na gida suka koyi ƙera shi. In ruwa yana kusa yana ba da wajen litir 60 a minti. Garkar nan tamu, awa 2 ta ishe ta. Sunan da aka sa masa kuwa ya faɗi gaskiya: kuɗin da ba ka biya ba, ƙafarka ce ke biya.

Iyakarsa zurfi. Duk fanfon da ke zaune a bakin rijiya yana tsotso, ko na ƙafa ne ko inji ne, ba ya wuce metir 7 ko 8. Wannan ba laifin maƙeri ba ne. A gaskiya fanfon ba ya jan ruwa. Iska yake cirewa daga tiyo, sai nauyin iskar duniya ya danne ruwan rijiya ya turo shi sama. Nauyin iskar nan ba ya iya ɗaga ruwa fiye da metir 10, kuma kafin a kai can yoyo da gugar tiyo sun cinye wani abu. Don haka kuke ganin masu garka a Gulbin Maraɗi da Tarka da Majiya suna haƙa rami kusa da foraji su saukar da inji ciki. Kusantar da shi ga ruwa suke yi. Duk mai sayarwar da ya ce maka injinsa na tsotso zai kamo ruwa daga metir 15, ko bai sani ba, ko yana so ya cuce ka.

Da ƙananan injunan ban ruwa masu araha na ƙasar Sin suka cika kasuwa, da yawa sun ajiye fanfon ƙafa, kuma ban ga laifinsu ba. Injin nan bai kai na Japan ƙarko ba, kowa ya sani. Amma kayan gyaransa suna kowace babbar kasuwa, yaron da ke gyaran babur yana kwance shi ya ɗaura. Ga mai albasar da ba ta jure kwana uku babu ruwa, inji mai tsada da za a jira kayansa daga Yamai ya fi mai arahar haɗari. Inda ya saki shi ne cin mai. Kuɗin inji sau ɗaya ake biya, kuɗin isansi kullum ne. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan 5 na 2023, masu garka na bakin iyaka sun ji a jikinsu. Masu mai da injinsu ya koma aiki da gas wannan lissafin suke gudu.

Yanzu ga fanfon hasken rana. Kuɗin farantin rana ya faɗi kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa kuke ganinsa a garake da garuruwa. Ba ya shan mai, kuma irin wanda ake saukarwa cikin ruwa turowa yake yi, iyakar metir 8 ba ta shafe shi ba. Amma kuɗin duka a gaba ake biya. Ya fi ba da ruwa da tsakar rana, lokacin da ba a son ban ruwa, saboda haka sai an gina tanki ko kwatarniyar siminti, wani kuɗin ke nan. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa in ba a share farantin ba. Rairayi a foraji yana cinye shi. Sai ɗan akwatin lantarki da ke tsakanin faranti da fanfo: in ya ƙone, ba maƙeri, ba mai gyaran babur. Wasu akwatunan har da fitilu da lambobi da magana da salula. Kowane ƙari irin wannan wata ƙofa ce ta lalacewa, kuma kai ka biya kuɗinta. In gari zai sa na rana, shawarata ita ce kada a cire tsohon fanfon hannu da ke wani foraji, kada a bar rijiyar siminti ta cike. A riƙa gyara su.

Kafin a fidda kuɗi

Ranar da mai sayarwa ko mutanen wani shiri suka zo gari, kada a tsaya ga tambayar nawa ne. A ce masa ya nuna abu uku da ke fara cinyewa a fanfon, ya faɗi kuɗin kowanne, ya faɗi shagon da ake samunsu da sunan garin. In ya ce babu abin da ke cinyewa, a sallame shi. A tambaye shi wa zai gyara, kilomita nawa tsakaninku da shi, mutum nawa aikin ke ci. A nemi sanin garin da aka sa irinsa shekara 3 da suka wuce, a tura mutum biyu, namiji da mace, su je su gani da idonsu, su tambayi masu ɗiban ruwa kwana nawa ya tsaya bara. In makwabtanku duka iri ɗaya suke da shi, ku ma ku yi tunani kafin ku ɗauki wani iri dabam, ko da ya fi kyau. Makanike ɗaya da shago ɗaya suna rayuwa ne in fanfunan yanki sun yi kama.

Asusun fanfo kuma a buɗe shi ranar da ruwa ya fara fita. Ko dala ɗaya ce a bido, ko tiya ce ta hatsi kowane gida da kaka, a rubuta cikin littafi, mai karatu ya riƙe. A sayi zobba da robobin canji tun fanfo yana lafiya, a ajiye wajen mai kula.

Abu na ƙarshe, ku san zurfin ruwanku. Ba a auna shi bayan damana, lokacin da rijiya ta cika. A watan 4 da watan 5 ake aunawa, da maraice, bayan an wuni ana ɗiba. Ka ɗaura ɗan dutse a igiya, ka yi ƙulli kowane metir ɗaya, ka saukar har ka ji ya taɓa ruwa, ka ƙirga ƙullin. Ka rubuta adadin da ranar. In foraji ne rufaffe, malamin ruwa na yankinku yana da ma'auni, kuma takardar haƙa tana nuna zurfin. Ku neme ta ku ajiye kwafi a gari. Da wannan adadi a hannu za ka je kasuwa.